Na'urar Zuƙar Rauni da Ma'aikatan Jinyar da Ke Riƙe da Ita

Daga cikin ayyukan da muka kashe wa kuɗin waƙafi a shekarar da wannan rahoto ya ƙunsa, akwai guda da ya jawo mana tambayoyi daga wasu masu ba da gudummawa, shi ne ɗaukar nauyin horar da ma'aikatan jinya kan kula da manyan raunuka ta hanyar na'urar zuƙa. Abin da aka fi tambayarmu shi ne: tun da kullum asibitoci kukan rashin kayan aiki suke yi, me ya hana a sayo ƙarin na'urori da kuɗin, abin da ido zai gani hannu ya taɓa, aka je aka zuba su a karatu? Tambaya ce da ta cancanci amsa, domin duk wanda ya damƙa mana dukiyarsa amana yana da haƙƙin sanin inda ta tafi da dalilin tafiyarta. Amsar kuwa ba za ta fito fili ba sai mai karatu ya san raunukan da ake magana a kansu, da yadda na'urar take aiki, da abin da kan biyo baya idan ta faɗa hannun wanda bai naƙalce ta ba.

Raunin da ya fi ƙarfin bandeji

Mafi yawan raunuka ba su da wuyar sha'ani. A wanke, a ɗinke in da buƙata, a naɗe da bandeji, sauran aikin jiki ne zai ƙarasa da ikon Allah. Amma akwai waɗanda ba sa jin wannan magani. Akwai ƙafar mai ciwon suga da aka yanke wa yatsa ɗaya ko biyu, wurin ya zauna a buɗe ya ƙi haɗewa. Akwai ɗan acaɓa ko fasinjan mota da hatsari ya kwashe wa naman ƙwauri. Akwai gyambon kwanciya da kan fito a ƙugu ko a diddigen wanda shanyewar jiki ta kwantar wata da watanni. Akwai kuma ɗinkin ciki da ya warware bayan tiyata, har da na matan da aka yi wa aiki aka ciro jariri. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakunan tiyata na manyan asibitocinmu, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ya ga irinsu da idonsa.

Abin da ya haɗa waɗannan raunuka shi ne zurfi da kumburi da ruwan da ba ya daina tsattsafowa. Bandeji kan jiƙe cikin 'yan sa'o'i, a canza shi sau ɗaya ko sau biyu a yini, kowane canji kuma da raɗaɗinsa da kuɗinsa. Kwanciya sai ta yi tsawo. Idan magidanci ne, kasuwarsa ko gonarsa ta tsaya, matarsa ko ƙaninsa ya bar nasa aikin ya tare a asibiti, a sayar da akuya, a sayar da hatsi, wani lokaci har da fili. Idan kuma ƙwayar cuta ta yi nisa, ƙarshenta a yanke ƙafar. Da yawa daga cikin takardun neman taimako da ke zuwa ofishinmu daga asibitoci irin wannan labari suke ɗauke da shi, ta nan ne batun ya shafe mu.

Yadda na'urar take aiki

Bahaushe bai rasa abin da zai kwatanta wannan hanya da shi ba. Wanzami idan zai yi ƙaho, yakan kifa shi a kan fata, ya zuƙe iskar da ke ciki, ya toshe bakin, sai fatar ta taso. Dalili kuwa shi ne iskar da muke rayuwa a cikinta tana da nauyi, tana danna komai ta kowane gefe. Idan aka rage ta a wani rufaffen wuri, abin da ke kewaye sai ya jawu zuwa can. Kamancin a nan ya tsaya. Ƙaho aikin 'yan mintoci ne, kuma ba a kusantar miki da shi. Ita na'urar asibiti zuƙa take yi a hankali, da ƙarfin da aka auna, dare da rana, kwanaki a jere.

Kayan aikin huɗu ne: soso, da leda, da tiyo, da inji. Ana yanka wani soso na musamman, wanda aka tsarkake daga ƙwayoyin cuta, daidai girman raunin, a cike ramin da shi. A lulluɓe shi da leda shara-shara mai ɗanko, wadda ke manne wa fatar da ke kewaye ta hana iska shiga. A huda ledar a manna bakin tiyo, ɗaya bakin kuma a haɗa shi da ƙaramin inji mai mazubin tara ruwa. Da zarar an kunna, sai soson ya takure ya yamutse kamar busasshen dabino, alamar cewa zuƙa ta kama. Nauyin iska a bakin teku milimita 760 ne a ma'aunin zaiba, wato ma'aunin da ake gwada hawan jini da shi. A galibin lokuta na'urar tana rage nauyin da ke ƙarƙashin ledar da milimita 125, kusan kashi ɗaya cikin shida ke nan. Likita kan sauko da shi ƙasa da haka idan majinyaci na jin zafi, ko fatarsa ba ta da ƙwari, ko ana tsoron zubar jini.

Amfanin da ake samu ta fuskoki da dama yake zuwa. Ruwan miki da mugunya suna fita ta tiyo ba sa kwanciya a cikin rauni. Kumburi yana saɓewa, ƙananan hanyoyin jini da ya matse su samu sarari. Gefunan raunin suna jawuwa su kusanci juna. Ƙananan ramukan soson kuma suna jan naman da ke ƙasa, wannan ja yana zaburar da tsirowar sabon jan nama mai gudaji-gudaji, wanda shi ne ke cike rami har wurin ya isa a ɗinke shi ko a yi masa dashen fata. Ga shi raunin a rufe yake, ƙura da ƙuda ba sa kai gare shi, kuma a maimakon canji kullum, sau ɗaya ake yi cikin kwana biyu zuwa uku.

Asalin hanyar da abin da bincike ya nuna

Hanyar ba ta daɗe a duniya ba. A shekarar 1993 wani likitan ƙashi a Jamus, Wilhelm Fleischmann, da abokan aikinsa suka wallafa yadda suka yi amfani da soso da zuƙa a kan raunukan karaya. A Amurka kuma Louis Argenta da Michael Morykwas na Jami'ar Wake Forest suka ƙirƙiro tsarin da ya bazu a kasuwa da sunan V.A.C. daga shekarar 1995, suka wallafa sakamakon bincikensu a 1997. A gwajin da suka yi kan dabbobi sun ga gudanar jini a wurin ta ninka kusan sau huɗu a kan milimita 125, daga nan wannan adadi ya samo asali.

Gaskiyar da ta wajaba mu faɗa ita ce, amfaninta bai zama ɗaya a kowane rauni ba. A wani bincike da David Armstrong da Lawrence Lavery suka wallafa a 2005, kan mutum 162 masu ciwon suga da aka yanke wa wani sashe na ƙafa, kashi 56 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa na'urar sun warke cikin mako 16, a waɗanda aka yi wa jinya ta al'ada kuwa kashi 39 ne. Amma wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka fitar a 2018, kan mutum 460 masu mummunar karayar ƙafa da ƙashi ya faso fata, bai ga bambanci tsakanin hanyoyin biyu ba wajen naƙasar da ta saura bayan shekara guda. Saboda haka na'urar kayan aiki ce mai wurin da ta dace da wurin da ba ta ƙara komai sai kashe kuɗi. Sanin wannan bambanci shi kansa ilimi ne da ake koya.

Inda haɗarin yake

Duk abin da ke da ƙarfin yin magani yana da ƙarfin yin ɓarna. A watan Nuwamba na 2009 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi, bayan ta samu rahoton mutuwar mutum 6 da jikkatar 77 cikin shekara biyu a sanadin amfani da irin waɗannan na'urori. A watan Fabrairu na 2011 ta sabunta gargaɗin, adadin ya kai mutuwa 12 da jikkata 174 tun daga 2007. Zubar jini ce ta fi kisa. Sai kuma guntun soso da aka manta a cikin rauni ya ruɓe a can. Yawancin mace-macen sun auku ne a gidaje da wuraren jinyar dogon lokaci, wato inda idon ƙwararre ya yi ƙaranci. Idan haka ta faru a ƙasar da aka ƙera na'urar, inda wuta ba ta ɗaukewa, ai mu ne muka fi cancantar yin hattara.

Mu ma mun samu namu darasin. Kafin wannan shiri, wani bawan Allah ya ba da kyautar na'ura ta hannunmu ga wani asibiti. Da muka koma ziyara bayan wasu watanni, sai muka tarar da ita a cikin kwalinta a ɗakin ajiya. Likitan da ya iya ɗaura ta an yi masa canjin wurin aiki, waɗanda suka saura kuma babu mai son taɓa abin da ba a nuna masa ba. A wani wurin aka ba mu labarin yadda ƙarar na'ura ta hana majinyata barci da tsakar dare, ma'aikacin da ke bakin aiki ya kashe ta da niyyar a duba da safe. Soson ya kwana a rufe cikin raunin babu zuƙa, da aka buɗe sai wari, sai da aka sake kankare wurin aka koma baya. Ba mu ɗora wa ma'aikacin laifi ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa cewa kashewar tana da iyakar lokaci. Laifin namu ne mu da muka kai kaya ba mu kai iliminsa ba.

Likita shi ke yanke shawarar a sa na'ura, shi ke faɗin ƙarfin zuƙa, amma zagayensa a bakin gado 'yan mintoci ne. Sauran sa'o'in yini da dare a hannun ma'aikatan jinya suke. Su ke jin ƙararrawa, su ke ganin launin ruwan da ke cikin tiyo, su majinyaci ke kira idan zafi ya tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ake koyarwa

Darasin farko shi ne sanin raunin da ba a sa wa na'ura. Ba a ɗora ta a kan mataccen nama ko baƙin ɓawo sai an kankare. Ba a sa ta inda ƙwayar cuta ta shiga ƙashi ba a fara magani ba, ko inda akwai ciwon daji a cikin raunin, ko inda wani rami ya ratsa ciki ba a san inda ya nufa ba. Ba a ɗora soso kai tsaye a kan jijiyar jini da ta bayyana, ko hanji, ko wurin da aka haɗa jijiya aka ɗinke. Wanda ke shan maganin tsinka jini kuma yana buƙatar sa ido na musamman. Muna so ma'aikaciyar jinya ta san waɗannan sarai, har ta iya cewa likita cikin ladabi: ranka ya daɗe, ko za a sake duba wannan kafin a ɗaura?

Na biyu shi ne ɗaurawa. Ba a yanka soso a saman rauni, don kada ɓurɓushi ya zuba ciki. Ba a cusa shi da ƙarfi, ajiye shi ake yi ya zauna. Ba a barinsa ya hau lafiyayyar fata, domin zuƙa za ta jiƙa ta ta saɓule. Baƙin soso shi ne na yau da kullum. Farin, wanda ya fi shi tauri kuma ba ya saurin mannewa, shi ake sa wa a cikin lungun rauni, agara ko ƙashi da ya bayyana kuma a fara shimfiɗa musu abin kariya. Ledar za ta zarce bakin rauni da santimita 3 zuwa 5 a kan busasshiyar fata. Idan raunin a diddige yake ko a ƙugu, inda majinyaci zai kwanta a kan tiyo, sai a yi gada da wani dogon soso a kan ledar kariya a kai bakin tiyo gefe, don kada a yi maganin gyambo a haifar da wani.

Na uku ƙidaya ce. Duk guntun soson da ya shiga rauni a ƙirga shi, a rubuta adadin da kwanan wata a jikin ledar da cikin takardar majinyaci. Ranar canji a ƙirga abin da ya fito, idan bai cika ba kada a rufe sai an nemo. Sabon nama yana iya tsirowa ya binne guntun soso, jini ya rina shi, ido ya kasa rarrabe shi da tsoka. Aiki ne na minti ɗaya, amma barinsa na iya mayar da mutum ɗakin tiyata.

Na huɗu shi ne fahimtar ƙararrawa. Na'urar tana kuka ne idan leda na shan iska, ko tiyo ya toshe ko ya lanƙwashe, ko mazubi ya cika, ko batir ya yi ƙasa. Kowanne da maganinsa, kuma mafi yawansu cikin 'yan mintoci ake gyarawa: a bi gefen leda da yatsa a saurari inda iska ke shiga a liƙe, a miƙe tiyo, a canza mazubi. A nan ake koyar da ƙa'idar sa'a biyu, wadda muka nemi a rubuta ta da manyan baƙaƙe a manna a bango. Idan zuƙa ta tsaya fiye da sa'a biyu, ba a barin soso a ciki. A cire shi, a wanke raunin, a sa bandeji mai danshin ruwan gishirin asibiti har a samu halin sake ɗaurawa. Rufaffen soso mai ɗumi da danshi, babu abin da ke janye ruwa, gona ce ta ƙwayoyin cuta.

Na biyar shi ne jini. Ruwa mai ɗan ja-ja a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma idan aka ga jini jawur yana gudu a tiyo, ko mazubi na cika da sauri, nan take a kashe na'urar, a bar ɗaurin a wurinsa, a danne da hannu, a kira likita. Wannan darasi sai an maimaita shi a aikace har ya zama jiki, domin ranar da abin zai faru babu lokacin buɗe littafi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na shida shi ne canji da auna ci gaba. Ana canza ɗaurin cikin sa'a 48 zuwa 72, ba ƙasa da sau uku a mako ba, idan kuma akwai ƙwayar cuta a raunin a fi haka yawaitawa. Cire soso yana da zafi, don haka a ba da maganin raɗaɗi tun da wuri, a kashe injin kamar rabin sa'a kafin a fara, a jiƙa soson da ruwan gishirin asibiti har ya saki. Wanda aka fizge wa soso sau ɗaya ba zai yarda a sake ba. A kowane mako a auna tsawo da faɗi da zurfin raunin a rubuta, tare da yawan ruwan da ya fita da launinsa. Idan mako ɗaya zuwa biyu suka wuce raunin bai ragu ba, a sanar da likita a sake shawara, don kada iyali su yi ta biyan kuɗin abin da ya daina amfani.

Na bakwai shi ne magana da majinyaci da masu jinyarsa, da harshen da suke ji. A asibitocinmu ɗan'uwa ne ke kwana a gefen gado, shi ke tayar da maras lafiya, shi ke raka shi bayan gida. Dole ya san cewa ba a cire filogi don cajin waya, ba a taka tiyo, ba a buɗe mazubi a zubar a mayar, kuma ya san alamomin da zai ruga ya kira nas a kansu: jini, zazzaɓi, wari, zafin da ya ƙaru. A faɗa masa cewa ruwan da ke fita yana tafiya da sinadarin gina jiki, don haka majinyaci na buƙatar ƙwai da wake da kifi da madara gwargwadon hali, mai ciwon suga kuma a riƙe sugansa. Tambayar alwala da salla ma takan taso, har wani ya so cire tiyo saboda ita. Ana bayyana masa cewa shafa a kan ɗaurin rauni sananne ne a fiƙihu, kuma maras lafiya yana salla yadda ya samu iko, ba sai ya katse maganinsa ba.

Yanayin da muke ciki

Littattafan da ke zuwa tare da na'urorin an rubuta su ne don wuraren da ba irin namu ba, saboda haka muka nemi masu koyarwa su ƙara abin da ya dace da mu. Wuta tana ɗaukewa, don haka kowane mai karɓar aiki sai ya duba cajin batir, ya san soket ɗin da ke kan layin janareta ko sola. A watannin bazara gumi yana ɗaga leda, sai an ƙara kula da busar da fata da ƙarfafa gefuna. Soso da leda da mazubi daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin canjin kuɗi, sau ɗaya kuma ake amfani da kowanne. Ba a fara jinya sai an tabbatar akwai kayan da za su kai ta ƙarshe, kuma ba a wanke soso a mayar komai tsananin rashi.

Saboda tsada, likitocin tiyata a Nijeriya da wasu ƙasashe masu tasowa kan haɗa nasu tsarin da injin zuƙa na asibiti da kayan da ke samuwa a gida, kuma ya taimaki mutane da yawa. Sai dai irin wannan haɗi ba shi da ƙararrawa. Idan iska ta shiga ba zai yi kuka ba, idan jini ya ɓalle ba zai tsaya da kansa ba. A nan idon ma'aikacin jinya shi ne ƙararrawar, buƙatar horo kuma ta ƙaru a inda kayan suka fi araha.

Yadda aka tsara horon

Mataki uku aka bi. Da farko karatu a aji kan yadda rauni ke warkewa da ƙa'idojin da muka ambata. Sannan gwaji da hannu a kan gunkin roba mai siffar rauni, inda kowane mahalarci zai yanka soso, ya liƙa leda, ya nemo yoyon iska da mai koyarwa ya ɓoye da gangan. Na ƙarshe shi ne aiki a bakin gado ƙarƙashin idon ƙwararre, kuma ba a sa wa kowa hannu cewa ya iya sai an ga ya ɗaura ya cire da kansa daidai. Gani ya kori ji.

Mun nace kan abu biyu. Na ɗaya, a haɗa da masu aikin dare da na ƙarshen mako, domin a lokacinsu ne matsala ta fi aukuwa, manya kuma ba sa kusa. Na biyu, a kowane ɗaki a samu waɗanda aka ƙara wa horo don su koyar da sababbin zuwa. Ma'aikatan jinya ana yawan yi musu canjin ɗaki, wasu na ritaya, wasu na tafiya ƙasashen waje, idan ilimi ya tsaya a kan mutum ɗaya ranar da ya tafi ya tafi da shi, kamar yadda muka gani da na'urar da ta koma kwali. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta riga ta shar'anta wa ma'aikata ci gaba da neman ilimi kafin sabunta lasisi, don haka irin wannan horo ya dace da abin da aikinsu ke nema daga gare su.

Rabon zakka da rabon waƙafi

Domin amana ta fita, ga yadda muka rarrabe. Zakka tana da masu ita guda takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade. Bisa shawarar kwamitinmu na malamai, daga cikinta muke biya wa majinyaci matalauci kuɗin soso da leda da magani, bayan an tantance halinsa. Horar da ma'aikata kuwa daga ribar waƙafi da sadakar da aka ba mu ba tare da ƙaidi ba aka yi shi. Adadin kuɗin da na mahalarta suna cikin jadawalin ɓangaren kuɗi na wannan rahoto.

Wannan turba ce da magabata suka bi. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284 da waƙafi aka riƙe shi, kuma bayan jinya har da karantar da likitanci ake yi a cikinsa. Tun kafin nan, littattafan sira sun ambaci Rufaida Al-Aslamiyya da tantinta a masallacin Madina, inda aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah Ya yarda da shi, bayan an harbe shi a yaƙin Handaƙ. Kula da masu rauni da koyar da masu kula da su tsohon aiki ne a wannan al'umma.

Ba mu daina sayen na'urori ba. Abin da muka ɗaukar wa kanmu shi ne, daga yanzu ba za mu kai na'ura wani ɗaki ba sai an horar da ma'aikatansa na safe da na dare, an kuma tanadi kayan da za ta ci. A shekara mai zuwa muna da niyyar komawa ɗakunan da aka yi horon mu duba takardun majinyata, mu ga ko ana rubuta ƙidayar soso, ko ana kiyaye ƙa'idar sa'a biyu, mu kawo muku abin da muka tarar, mai daɗi da akasinsa.